Shaihu Umar da Fina-finan da Suka Kwana a Gwangwani

Malanville gari ne na ƙarshen hanya. Wanda ya taso daga Kwatano ya nufi arewa, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 kafin ya iso nan, inda ƙasar Benin ta ƙare a bakin Kogin Kwara, Gaya ta ƙasar Nijar kuwa tana tsallake. Sunan garin na wani Bafaranshe ne, Henri Malan, wanda ya yi gwamnan Dahomey a zamanin mulkin mallaka. Kasuwarsa ta tara Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, kuma duk inda Hausawa suka taru, fim ɗin Kano yakan bi su. Dā a kaset yake zuwa, daga baya ya koma faifai, yanzu kuwa a waya ake tura shi.

In aka tambayi saurayi a wannan kasuwa yaushe aka soma yin fim da Hausa, zai ce a Kano aka soma. In ya san tarihi kaɗan, zai ambaci Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. Amsarsa tana da gaskiya game da fim na kaset. Amma shekara 14 kafin Turmin Danya an riga an yi wani babban fim da Hausa, mai launi, mai tsawon minti 142, wanda aka shirya domin silima. Sunansa Shaihu Umar. Saurayin bai san shi ba, kuma ba laifinsa ba ne, gama fim ɗin ya yi wajen shekara 40 ba a san inda yake ba. Yadda ya ɓata da yadda aka gano shi yana da abin koyo, musamman in aka ɗora shi kusa da labarin wani tsohon fim na ban dariya, marar magana, wanda ya kwana shekara 100 a gwangwani a ƙasar Amurka.

Zamanin majigi

Kafin a gina gidajen silima a ƙasar Hausa, majigi aka sani. Kalmar ta fito ne daga sunan da Turawan Ingila suke kiran wata fitila mai haska hoton gilashi a jikin bango, irin wadda 'yan mishan suka yi amfani da ita wajen nuna labaran Littafi Mai Tsarki. Daga baya sunan ya koma kan motar gwamnati mai yawo gari gari tana nuna fim a fili. Wani jami'in lafiya a Legas, William Sellers, ya soma amfani da fim wajen 1929 don ya koya wa mutane yadda za su guje wa annoba. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka, aka ba shi shugabancinsa. Motar takan tsaya a ƙofar fadar sarki ko hakimi bayan faɗuwar rana, a kafa farin ƙyalle, a ta da inji, wani mai bayani ya riƙe lasifika yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da suke gani.

Yawancin abin da ake nunawa darasi ne, na tsabta ko na noma ko na biyan haraji. Amma masu motar sun san ba a tara mutane da darasi kaɗai, saboda haka sukan haɗa da gajerun fina-finan ban dariya na Charlie Chaplin. Waɗannan ba su da magana, ba su kuwa bukatar tafinta. Mutum ya zame ya faɗi, ɗan sanda ya bi talaka da gudu talakan ya zille masa, wannan kowa ya gane shi, ko Badande ne ko Bahaushe. Gidan silima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, amma mutanen ƙauye da yawa a gindin majigi suka soma yi wa hoto mai motsi dariya.

Abin da masu kallon ba su sani ba shi ne, a daidai wannan lokaci fina-finan da ba su da magana suna ta hallaka a ƙasar da aka yi su.

Abin da ke cin fim

Fim na dā doguwar leda ce mai ɗauke da ƙananan hotuna a jere, a naɗe ta a sa a gwangwani mai faɗi kamar faranti. Har zuwa wajen 1951 ana yin ledar da wani sinadari da ake kira naitiret. Wannan abu yana kama wuta da sauri, in ya kama kuwa ruwa ba ya kashe shi, har yakan kama da kansa in zafi ya yi yawa. In bai ƙone ba, da tsufa sai ya yi danƙo, ya manne, a ƙarshe ya zama gari. A 1937 ma'ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey ta ƙone a lokacin zafi, yawancin fina-finansa marasa magana suka tafi a dare ɗaya.

Wuta ta ci nata, amma raini ya fi ta ci. Da aka soma fim mai magana a 1927, kamfanoni suka ga tsofaffin ba za su ƙara kawo kuɗi ba. Waɗansu aka narkar don a cire 'yar azurfar da ke jikinsu, waɗansu aka zubar don a sami wuri. A 2013 babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya fitar da ƙidaya: daga cikin dogayen fina-finai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin ɗari sun ɓata gaba ɗaya.

Ledar da ta maye gurbin naitiret, watau asitet, ba ta kama wuta haka, amma tana da tata cutar. In zafi da laima suka haɗu mata, sai ta soma fitar da wani wari mai tsami, ta motse, ta kanannaɗe, launinta ya koɗe ya koma ja-ja. Iskar da take fitarwa kuma tana lalata gwangwanin da ke kusa. Sanyi da bushewa ne maganinta. Shi ya sa wani gari mai suna Dawson, can arewacin Kanada, ya yi sa'a. Shi ma garin ƙarshen hanya ne, fim in ya isa can ba a damu da mayar da shi ba saboda tsadar sufuri. A 1929 aka kwashe tarin da ya taru aka cike wani tsohon ramin wanka da shi. A 1978 masu haƙa suka tono naɗi 533, ƙasa mai ƙanƙara ta riƙe su kusan shekara 50. Ƙasar Hausa da bakin Kwara ba su da wannan gata. A nan, abin da aka yar ya tafi ke nan.

Dariyar da ta jira shekara 100

Bert Williams baƙar fata ne, an haife shi a tsibirin Bahamas a 1874, ya girma a Amurka, ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan ban dariya na zamaninsa. A 1913 kamfanin Biograph ya tara shi da 'yan wasa baƙaƙe masu yawa daga unguwar Harlem ta birnin New York, aka ɗauki wani dogon fim na ban dariya. Labarin mai sauƙi ne. Samari uku suna neman budurwa ɗaya, wadda Odessa Warren Grey ta fito a matsayinta. Akwai ranar shaƙatawa ta wata ƙungiya, da tsere, da hawan lilo mai juyawa, da rawa cikin kyawawan tufafi. A wani wuri barasar Williams ta zube a rijiya, sai ya shiga sayar da ruwan rijiyar.

An ɗauki fim ɗin, amma ba a harhaɗa shi ba, ba a kuwa taɓa nuna shi ba. A 1915 aka fitar da The Birth of a Nation, fim ɗin da ya zana baƙaƙe a matsayin miyagu ya kuma yi kasuwa ƙwarai. Waɗanda suka yi binciken tarihin fim ɗin Williams suna ganin wannan yanayi ne ya sa masu kuɗin suka ja da baya. Williams ya rasu a 1922.

A ƙarshen shekarun 1930, bayan Biograph ya durƙushe, wata ma'aikaciyar gidan adana kayan fasahar zamani na New York, Iris Barry, ta kwaso gwangwanaye wajen 900 daga ma'ajiyar kamfanin. Naɗi bakwai na wannan fim suna ciki. Ba suna a jikinsu, ba jerin 'yan wasa, ba rubutaccen labari. Haka suka zauna shekara da shekaru a hannun mutanen da aikinsu ke nan adana fim, ba wanda ya san abin da ya riƙe. Sai da ma'aikata biyu, Ron Magliozzi da Peter Williamson, suka ɗauki kusan shekara 10 suna gwada fuskoki da hotunan tsofaffin jaridu, har suka nemo mai karanta motsin leɓe don a san abin da 'yan wasan suke faɗa. A watan Nuwamba na 2014 aka nuna shi ga jama'a, da sunan da aka laƙaba masa, Lime Kiln Club Field Day. Shi ne dogon fim mafi tsufa da ya rage wanda 'yan wasansa baƙaƙe ne.

Akwai abin baƙin ciki a cikinsa. Williams, ko da yake baƙi ne, ya shafa baƙi a fuska yadda al'adar gidajen wasa na Turawa ta lokacin ta tilasta. Amma sauran 'yan wasan sun fito da fuskokinsu na ainihi, cikin mutunci, suna soyayya da raha kamar kowa. Da gwangwanayen sun ruɓe, da abin da zai rage na hoton baƙar fata a fim na wannan zamani yawancinsa ba'a ce da ƙazafi.

Daga littafi zuwa silima

Labarin Shaihu Umar ya soma ne a Zariya. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East, da kuma Shaihu Umar na wani malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan malami shi ne ya zama Firayim Ministan Najeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966.

Littafin labarin wani malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa. An haife shi a Kagara. Mijin mahaifiyarsa, Makau, 'yan hassada suka kai shi ƙara wurin sarki aka kore shi. Aka sace yaron, ya bi ta hannu da hannu har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya tsallaka hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka kai ta Murzuk da Tarabulus. Sun sadu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ta rasu ba da jimawa ba. Littattafan Hausa kaɗan ne suka dubi cinikin bayi na hamada ido da ido kamar wannan.

Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975. Wanda ya mayar da shi fim kuwa Adamu Halilu ne, haifaffen Garkiɗa a 1936, wanda ya koyi aikin fim a Ingila, ya kuma yi shekaru yana shirya fina-finan wayar da kai na gwamnatin Jihar Arewa, irin waɗanda motar majigi take yawo da su. Watau ɗan gidan majigi ne ya yi Shaihu Umar. Gwamnatin Tarayya ta ba da kuɗi, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, aka gama a 1976, aka nuna shi a bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a 1977. A 1978 Halilu ya sake yin wani fim na tarihi a kan Kanta na Kabi, sarkin da ƙasarsa take maƙwabtaka da ƙasar Dandi.

Daga nan sai shiru. A shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya karye, darajar naira ta faɗi, sayen leda da wanke ta a ƙasashen waje ya gagara. Gidajen silima suka yi ta rufewa, waɗansu suka zama ɗakunan ajiye kaya, waɗansu wuraren ibada. Kaset ya zo, mai arha, mai shiga kowane ɗaki. Injin da ke nuna fim na leda ya zama tarkace. Adamu Halilu, wanda ya shugabanci Hukumar Fina-finai ta Najeriya a farkon kafuwarta, ya rasu a 2001. Shaihu Umar ya koma suna a littattafan masana, ana ambatonsa ana cewa ya ɓata.

Wanda ya buɗe ƙofa

Didi Cheeka mai shirya fim ne kuma mai sharhi a Legas. Shi da abokansa suna neman wurin da za su riƙa nuna fina-finai, sai nema ya kai su tsohon ginin sashen fina-finai na zamanin Turawa a Ikoyi, wanda yake hannun Hukumar Fina-finai. A cikin ɗakunan da aka daina shiga suka tarar da ɗaruruwan gwangwanaye masu tsatsa, waɗansu sun riga sun lalace. Bai ja ƙofa ya tafi ba. Ya shiga tambaya, ya sanar da wata cibiyar adana fina-finai a Berlin ta ƙasar Jamus mai suna Arsenal, aka soma duba abin da hukumar take da shi a Legas da kuma Jos, inda hedkwatarta take. A 2016 aka tabbatar cewa uwar fim ɗin Shaihu Umar, watau ainihin ledar da ta fito daga kyamara, tana nan a ma'ajiyar hukumar.

Gyaran aiki ne na haƙuri. Ana share ledar, a liƙe inda ta yage, sa'an nan a ɗauki hoton kowane gida nata a sa a kwamfuta. Fim na silima yana da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka minti 142 ya haura hoto 200,000. Sai a gyara launin da ya koɗe, a daidaita murya da motsin baki. Gwamnatin Jamus ta taimaka da kuɗi. A watan Fabrairu na 2018 aka nuna Shaihu Umar a babban bikin fina-finai na Berlin, mutane suka zauna suna jin Hausar 'yan wasan 1976, suna kallon ayarin raƙuma da fada da makarantar allo. Daga wannan haɗin kai kuma Jami'ar Jos da Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka buɗe karatun digiri na biyu a kan adana fina-finai, don a sami 'yan ƙasa masu sanin wannan aiki.

In aka dubi labaran nan biyu, abu ɗaya ya haɗa su. Ba ɓarawo ne ya ɗauke fim ɗin Williams ba, ba kuwa gobara ce ta ci Shaihu Umar ba. Kowannensu yana ɗakin mai shi, a kan kanta, duk tsawon shekarun da ake cewa ya ɓata. Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Mutum biyu ake bukata kafin irin wannan abu ya tsira: wanda ya ƙi zubar da shi ko da bai san darajarsa ba, da wanda ya zo daga baya ya buɗe ya tambaya mene ne wannan. Iris Barry ta yi na fari, Magliozzi da Williamson suka yi na biyu. A Najeriya ma waɗansu ma'aikata sun yi ta kulle ɗaki a kan gwangwanayen, har Didi Cheeka ya zo. Aikin na biyun kuwa da ya yi sauƙi ƙwarai da na farin ya rubuta suna da shekara a jikin murfi.

Wannan magana ta shafi fiye da hukumomin gwamnati. Kaset ma yana mutuwa, zarensa yakan yi fumfuna ya manne, injin kallonsa kuma ya yi wuyar samu. Fina-finan Kano na farkon shekarun 1990 sun riga sun shiga shekarun da Shaihu Umar ya ɓata a cikinsu. A Malanville da Gaya da Kamba akwai akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado masu ɗauke da hotunan kakanni, da kaset na waƙoƙin mata, da bidiyon aure, da wasiƙu. A ofisoshin ikkilisiya akwai littattafan baftisma da na aure waɗanda su kaɗai ne shaidar ranar haihuwar tsofaffi da yawa. Zafin watan Afrilu yana dafa su, laimar damina tana jiƙa su, gara tana jiransu. Kogin kuma yakan shigo gari, kamar yadda ya yi a Malanville da Karimama a 2013.

Abin da ma'aikatan ma'ajiya suke yi da manyan injuna, mai gida yana iya yin kaɗan daga cikinsa da hannunsa. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da kwanon rufi da bangon da rana take duka. A buɗe shi sau ɗaya a shekara, lokacin hunturu da iska take bushe. Abin da ya soma wari ko fumfuna a ware shi daga sauran. A ɗauki hoton takardu da hotuna da waya, a aika wa 'yan'uwa a wani gari, don kada kwafi ɗaya ya zama shi ke nan. Sa'an nan, tun tsohuwar da ta san fuskokin tana da rai, a zauna da ita, a rubuta a bayan kowane hoto da fensir ko su wane ne, da inda aka ɗauka, da shekarar.